Dakor da Tsofaffin Tsirkiyoyinsa

Duk wanda ya zauna a layinmu na New Bell, a Duwala, ya san tukunyar Sale Dakor. 'Yar ƙaramar tukunya ce mai karyayyen hannu, kuma tun da aka sayo ta ba a taɓa dafa abin ci a cikinta ba. Ranar Juma'a da hantsi zai fito da ita ƙofar gida, ya ɗora a kan gawayi, ya matsa lemun tsami a ruwan, sannan ya kwance tsirkiyoyin jitarsa, ya nannaɗe su, ya jefa a ciki. Sai ya zauna yana fifita wuta kamar mai yi wa surukai girki. In sun tafasa ya tsamo su, ya goge da tsumma, ya shanya a igiya kusa da wandunansa, ya wuce masallaci. Kafin la'asar sun koma jikin jita.

Wata yarinya baƙuwa daga Garwa ta taɓa leƙa tukunyar ta ce, "Baba, taliya ce?"

Ya ce, "Taliya ce, 'yata. Shekara da shekaru nake dafa ta, har yau ba ta nuna ba."

Ni ne Hamisu, ƙanin matarsa Yaya Kande, kuma ni ne mai waƙa a ƙungiyarmu ta kiɗan biki da suna. Shi ke riƙe da jita, Buba shugabanmu na riƙe da kalangu. Ƙanin mata yana da lasisin tsokana, kun sani, ni kuwa na yi amfani da nawa har ya wuce gona da iri. Allah ya yafe mini. Karatuna bai yi nisa ba, don haka abin da na gani zan faɗa, yadda na gan shi.

Sunan Dakor ma daga jitar ya samo shi. A Faransanci, daidaita muryar jita da yarda da magana kusan kalma ɗaya ce, wato dakor. To, an shimfiɗa tabarmi, mata sun cika rumfa, amarya na jira, shi kuwa ya manna kunne a jikin jita yana murɗa kunnuwanta a hankali kamar mai sauraron gulma.

Buba zai ce, "Sale, mu fara mana!"

"Ba mu dakor ba tukuna."

"Kai da wa?"

"Ni da tsirkiya ta huɗu. Tana da ƙorafi."

Haka sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Ranar ɗaurin auren 'yarsa Ladidi, liman ya tambaya ko uban amarya ya amince, kafin Sale ya buɗe baki sai rabin masallaci suka amsa, "Dakor!" Liman kansa sai da ya sunkuyar da kai yana gyara rawani.

Jitar a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa ya saye ta, lokacin yana dako a tashar jiragen ruwa da ƙuruciyarsa. Tun daga ranar ya kafa doka: tsirkiya ba ta barin jita sai in ta tsinke. In ta tsinke kusa da bakinta, ya ƙulla. In siririyar ta tsinke a tsakiya, ya je wurin mai gyaran keke ya zaro sili ɗaya daga wayar birki. Babu guda biyu a jikin jitar nan da suke tsara. Mai kaurin ta can sama, shi da bakinsa yake cewa ta girmi Ladidi, kuma yana faɗa ne da alfahari, kamar mai nuna hoton kakansa.

Ku kuwa kun san iskar Duwala. Ga gishirin teku, ga ruwan sama wata da watanni, ko makulli ka manta a aljihu sai ya yi tsatsa. Saboda haka Dakor ya yi zaman yaƙi da danshi duk rayuwarsa. Wanda ya ci gasasshen kifi ba ya samun tafin hannunsa, sai dai ya miƙo maka gwiwar hannu ku gaisa. Wata rana muna dawowa daga suna, ni da shi da Yaya Kande, ruwa ya ɓarke mana a hanya, lema kuma ɗaya ce. Ya buɗe ta, ya rufe jita tsaf, shi da matarsa suna tafiya ruwa na dukansu.

Yaya ta ce, "Baban Ladidi, yanzu ni ce zan jiƙe, katako na cikin inuwa?"

Ya ce, "Ke in kin jiƙe kya bushe. Ita in ta jiƙe tsatsa za ta yi."

Ta ce, "To Allah ya kai mu gida. Ita za ta tuƙa maka tuwo."

Kuma wallahi ta cika alkawari. Da muka isa ta ɗauki jitar, ta jingina ta a bakin murhu, ta ajiye muciya kusa da ita, ta shige ɗaki. A wurin mai makala, wato fanke, da wake ya ci abinci ran nan.

Kada wani ya ɗauka rashin sani ne ya sa shi wannan. A duk New Bell babu wanda ya san ciwon tsirkiya kamarsa. Samari masu kiɗa a gidajen rawa na cikin gari har gida suke kawo masa jitocinsu, su ce sun daidaita ta, ta yi daidai, amma da an fara kiɗa sai wani abu ya riƙa yin tsami a kunne. Sai ya karɓa, ya kaɗa tsirkiya a sake, sannan ya danna ta daidai tsakiyarta ya sake kaɗawa.

"Ka ji? Ta farkon uwa ce, ta biyun 'yarta. Muryarsu ɗaya, 'yar dai ta fi siriri. In 'yar ba ta yi kama da uwar ba, tsirkiya ta mutu, sai dai ba a sanar da kai ba."

Yakan yi musu bayani dalla-dalla. Sabuwar tsirkiya kaurinta ɗaya daga kai har gindi. Yau da gobe, ƙarafan nan da ke kwance a wuyan jita suna cin cikinta, gumi da datti suna shiga tsakanin naɗinta, tsatsa ta kama wani wuri ta bar wani. Nan ta lotsa, can ta yi nauyi. In ka kaɗa ta a sake kana iya murɗa kunne har ta yi daidai. Amma da ka gangara da yatsa can ƙasan wuya, inda ake neman siririyar murya, sai ta kasa kai wa inda aka aike ta.

"Tsohuwar tsirkiya a zaure gaskiya take faɗa," in ji shi. "Shiga da ita cikin gida ka sha ƙarya. Je ka sayi sabuwa, ɗana, kada ka cuci kunnen jama'a."

Ran nan na kasa haƙuri. Yaron na fita na ce, "Yaya, kai da kake aika mutane kanti, naka fa? Ko haƙoran mayya ba su kai su tsufa ba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Hamisu na Kande, shi bai san ƙaryar tasa ba. Ni na san ƙaryar kowacce. Na san inda ta uku take rage mudu, na san inda ta biyu take noƙewa. In na zo wurin sai in tura ta da yatsa kaɗan, ta cika. Wanda ya san maƙaryacinsa ai ya fi mai baƙon malami kwanciyar hankali."

Kuma gaskiyarsa ce. In ka lura da hannunsa na hagu yana kiɗa, za ka ga yatsun suna ɗan ture tsirkiya gefe, nan kaɗan, can da ɗan yawa, ba tare da ya duba ba. Muryar da ta gaza sai ya ɗago ta. Abin da ya rage kuma mu muke rufe masa ba mu sani ba: kalangun Buba dama yana lanƙwasa duk inda aka so, ni kuma muryata jitar take bi tun ina saurayi. Mun yi shekaru a haka, ana yi mana liƙi, babu mai ƙorafi.

Sai zamani ya kawo fiyano.

Masu biki suka fara cewa in babu fiyano ba sa so. Buba ya nemo Filip, ɗan ƙabilar Bassa, amma a New Bell ya tashi, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Mutum ne mai ladabi, a coci ya koyi kiɗa, yana kiran Dakor "Tonton", wato kawu. Matsalar ita ce fiyano ba ta da kunya, ba ta san babba ba. Inda aka ajiye muryarta nan take, ko sarki ne ya zo. Ranar gwajin farko, da aka fara daga sama lafiya lau. Da Dakor ya gangara ƙasan wuya, musamman in ya haɗa tsirkiya biyu ko uku a lokaci guda, yatsu ba sa iya gyara ƙarya uku tare. Sai ka ji jita da fiyano kamar maƙwabta biyu suna rigima a kan magudanar ruwa.

Filip ya ce a hankali, "Tonton, kamar ta uku ta ɗan sauka."

Dakor ya ce, "Misiye Fiyano, akwatin naka ne ya hau. Murɗa shi."

"Tonton, ba a murɗa shi."

"Abin da ba a murɗawa ai ba kayan kiɗa ba ne, firji ne."

Muka yi dariya, amma Buba bai yi ba. Bayan biki biyu da aka yi mana gunaguni, ya tara mu ya faɗa a fili. Akwai babban biki a unguwar Village, gidan wani alhaji mai manyan motoci, wanda in ya yaba maka duk direbobin tasha sun ɗauke ka. In jita da fiyano ba su shirya a wannan biki ba, Sale zai zauna a gida. Mutumin da ya kafa ƙungiyar tare da shi! Kujerar Dakor ke nan a kan siraɗi, kuma duk mun san in aka raba shi da kujerar nan, an raba shi da abin da yake tashi dominsa da safe.

Na roƙe shi ya canza. Yaya Kande ta roƙe shi. Ya ce a ƙara lemun tsami dai.

To, ga inda na shigo da wayona. Ba sirri ba ne, duk kun sani, amma bari in faɗa da bakina. Ranar bikin aka yi rasuwa a layinmu, Dakor ya ce zai tsaya jana'iza ya same mu a can. Ba a zuwa jana'iza da jita, don haka ya miƙo mini ita a jakarta, yana ja mini kunne kamar wanda ya ba ni jariri. Na hau bensikin, babur ɗin haya, na biya kanti na sayi sababbin tsirkiyoyi fil a leda. A Ndokoti na sauka, na shiga rumfar wani tela abokina, na ari filaya. Na kwance tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya, na ɗaura sababbi. Don kada ya ce a mayar, sai na dunƙule tsofaffin na jefa a kwata. Ina jin kaina kamar likitan da ya ceci rai. Har na fara tsara yadda zan amsa godiya.

Bayan la'asar ya iso gidan biki. Rumfa ta cika, alhaji na zaune da abokansa a gaba. Ya zauna a kujerarsa, ya zuge jaka, sai ya tsaya cak. Tsirkiyoyi na ƙyalli kamar haƙoran makka.

"Hamisu."

"Na'am, Yaya."

"Su wane ne waɗannan baƙin a gidana?"

"Sababbi ne, Yaya. Kyauta ce daga gare ni."

"Ina masu gidan?"

"Suna Ndokoti."

"Suna me a Ndokoti?"

"Suna... cikin kwata."

Ya kawar da kai, ya ɗora jita a cinya. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Buba ya riga ya buga kalangu, babu lokacin komai.

Abu biyu ne ban sani ba, duk da shekarun da na yi a gefen mutumin nan, don ni bakina kawai nake kai wa wurin biki. Na farko, sabuwar tsirkiya kamar sabon takalmi take, sai ta miƙe kafin ta zauna. Ranar da aka ɗaura ta saki take ta yi. Ya daidaita, kafin a gama baiti ɗaya ta sauka. Ya murɗa, ta sake sauka. Na biyu kuwa shi ya fi muni. Yatsun Dakor sun saba tura tsirkiya don cika mudun da ta rage. Waɗannan sababbin ba sa rage komai. Yana gangarawa ƙasan wuya, yatsu suka yi aikinsu na kullum, suka tura mai gaskiya ta wuce gona da iri. A sake tana ƙasa, a danne tana sama. Wayyo Allah! Ban taɓa jin abu irin wannan ba, kamar ana jan ƙofar kwano a kan siminti.

Akwai wata akuya da aka ɗaure a gindin mangwaro don abincin gobe. Duk lokacin da Dakor ya hau siririyar murya, sai ta amsa masa. Ya hau, ta amsa. Mata suka fara toshe baki da mayafi. Can sai gwaggon amarya, wata tsohuwa mai murya kamar lasifika, ta ce, "Alhaji, wai a cikin biyun nan wanne aka ɗauko kiɗa, wanne za a yanka?"

Rumfa ta fashe.

Dakor ya daina kiɗa. Bai dube ni ba, bai dubi tsohuwar ba. Ya ɗaga hannunsa na hagu yana kallon yatsunsa kamar yau ya fara ganinsu. Sannan ya mayar da jita jaka, ya saɓa, ya fita. Filip ya ƙarasa bikin shi kaɗai. Washegari Buba ya je har gida ya ce, "Sale, ka huta tukuna." Kowa ya san ma'anar tukunan nan.

Yaya Kande ta tare ni a tsakar gida da muciya a hannu. "Kai ne mai gyara ko? Gyaran gangar Auzinawa! Mutum yana ɗingishi da sandarsa yana isa inda za shi, ka ƙwace sandar ka ba shi keke a tsakiyar kasuwa!"

Na shiga na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ni me ka yi mini? Je ka Ndokoti ka ba su haƙuri."

Kuma na je, jama'a. Na naɗe wando na shiga kwatar nan da sanda ina tona. An yi ruwa da safe, ya kwashe komai ya yi kogin Wuri da shi. Wani ɗan bensikin ya tsaya yana kallona, ya ce, "Ashiya, sannu baba. Zinare ka yar?" Na ce masa da zinare ne da da sauƙi, ana samun irinsa a kasuwa.

Na ɗauka shi ke nan, na kashe wa mijin yayata sana'a da hannuna. Na daina bin ta ƙofar gidan. In mun je biki na ga gurbin kujerarsa, sai in kawar da kai.

Bayan 'yan kwanaki Yaya ta aiko a kira ni. Ta ce, "Zo ka ji abin da ka jawo mini. Mutumin nan zai haukata ni." Tun daga zaure na jiyo: tin... tin... tin. Murya ɗaya tak, kamar famfo mai ɗiga. Na leƙa ta taga. Ya samo madubin babur ya ɗaure a jikin kujera, ya saita shi a kan hannunsa na hagu. Yana danna tsirkiya yana kallon madubi. Da yatsa ya fara turawa gefe, sai ya sa hannun dama ya make shi.

"Munafuki! Wa ya aike ka? Zauna inda aka ajiye ka!"

Yaya ta ce tun asuba yake dukan kansa, har maƙwabta sun zo tambaya ko da wa yake faɗa.

Ya hango ni a madubin. Bai juyo ba ya ce, "Hamisu na Kande, ashe wanda ya daɗe yana gyara wa maƙaryaci zance, shi ma bakinsa ya karkace. Baƙin nan naka gaskiya suke faɗa. Ni ne ban iya jin gaskiya ba."

Na ce, "Allah ya ba da sa'a, Yaya."

Ya ce, "Bai ba ka ba, ka tafi."

Abin da ya fi ba ni mamaki daga bakin Filip na ji shi. Wai wata safiya ya ji sallama, ya buɗe ƙofa, sai ga Dakor da jita a kafaɗa, a gidan mutumin da ya kira wa kayan sana'a firji. Filip ya rasa inda zai sa kansa, ya kawo kujera, ya kawo ruwa.

Dakor ya ce, "Kunna akwatin. Danna mini ɗaya. Kada ka yi magana."

Filip ya danna. Dakor ya nemo muryar a wuyan jita, ya kaɗa, ya saurara, ya sake, har suka haɗu. "Ta gaba." Haka suka bi wuyan nan gaba ɗaya, tsirkiya bayan tsirkiya. Da zai tafi ya ce, "Kada ka ɗauka na yarda da firjinka. Mai taurin kai nake nema wanda ba zai ji kunyata ba, na duba duk Duwala ban ga kamarsa ba."

Filip ya ce, "Tonton, akwai ɗaya."

"Wa?"

"Yana riƙe da jita."

Wai sai da Dakor ya kai bakin ƙofa sannan ya yi dariya, don kada a gani.

Kullum da safe sai ya je, har damina ta wuce. Mutum mai furfura, mai jikoki, wanda samarin gari ke kawo wa jita don ya yi mata hukunci, ya koma ɗan koyo a falon wanda ya haifa a shekaru. Ku faɗa mini mutum nawa kuka sani a New Bell da za su iya wannan. Ni dai ban iya ba. Ni ko gaisuwa na yi kuskure sai na nemo wanda zan ɗora wa.

Ranar da ya dawo babu wanda ya gayyace shi. Suna ake yi a bayan kasuwa, muna cikin shiri, sai ga shi da jita a kafaɗa da kujerarsa a hannu, ya ɗauko ta daga gida. Ya ajiye ta daidai inda take zama, ya zauna, ya jona waya a lasifika. Buba ya buɗe baki, ya dubi jama'a, ya rufe. Wa zai kori Dakor a tsakiyar New Bell?

Aka fara. Daga sama lafiya, amma dama can daga sama lafiya ne. Duk muka zuba wa hannunsa ido muna jiran gangara. Ya gangara a hankali, ya wuce tsakiya, ya shiga can inda ake neman siririyar murya, Filip na biye da shi a kan layi ɗaya. Sai na ji fiyano ta ɓace. Na juya don in ga ko wuta aka ɗauke, sai na ga yatsun Filip suna kan aiki. Muryoyin ne suka haɗu har ba ka iya raba su. Ya haɗa biyu, ya haɗa uku, duka tsaf kamar an auna da ma'auni. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Buba ya matse kalangu ya yi masa kirari da shi, hawaye na bin kumatunsa, ko gogewa bai yi ba.

Kaina ya kumbura kamar ni na yi. Na ce a raina, to ai ga amfanin abin da na aikata, ashe alheri ne. Na gyara riga, na kama makirfo, na ja numfashi, na shiga da waƙa da dukkan ƙarfina.

Sai na ga Filip ya runtse ido ɗaya. Buba ya dubi ƙasa.

Jama'a, ni ne a karkace. Tun ina saurayi muryata tsofaffin tsirkiyoyin nan take bi, duk inda suka rage mudu ni ma nan nake ragewa. A 'yan watannin da babu jita, Filip ne yake rage sautin fiyanonsa in na shigo, don ladabi, bai taɓa gaya mini ba. Yanzu jita ta miƙe, fiyano dama a miƙe take, saura ni kaɗai a fili kamar karkataccen haƙori.

Dakor bai daina kiɗa ba. Ya ɗan karkato kai wajen fiyano, ya ɗaga murya yadda har masu rabon shinkafa za su ji.

"Misiye Filip! Gobe da safe ka ƙara kujera ɗaya. Ga wata tsohuwar tsirkiyar nan, ita ba ta shiga kwata."

Na je kuwa. Dakor da kansa yake biyo mini, ya zauna a gefe yana shan shayi, duk inda na sauka ya buga cokali a kofi. Wannan ita ce yafiyarsa, ban taɓa samun wata ba, ban kuma nema ba.

Kujerarsa ta ƙungiya kuwa babu wanda ya sake yi masa maganarta. A kanta ya yi sauran shekarunsa, yana kiɗa a bikin waɗanda ya taɓa yi wa iyayensu kiɗa, har ranar da ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Jinyar ba ta yi tsawo ba. Da ya rasu aka fito da shi, layinmu bai ɗauki mutane ba, 'yan dako na tasha, direbobi, samarin gidajen rawa da hulunan aro. Filip ya tsaya a bakin masallaci har aka idar da salla, sannan ya sa kafaɗa a makara tare da mu.

Ya Allah, ga bawanka Sale nan ya zo gare ka. Makaɗi ne, ba mu ɓoye ba, mai taurin kai ne, kai ka fi mu sani. Amma mun shaida an nuna masa karkatar hannunsa yana da furfura, a gaban jama'a, ana dariya, bai ce ƙarya aka yi masa ba. Ya koma gida ya zauna ya miƙe ta. Abin da ya rage wanda hannunsa bai kai ba, ka miƙe masa da rahamarka. Ka yalwata masa makwanci, ka haskaka shi. Ka ba Yaya Kande haƙuri, don gidan ya yi mata shiru da yawa. Mu kuma da muka rage, in an nuna mana tamu karkatar, ka ba mu ko rabin zuciyarsa. Amin.